Kaset ɗari uku a kwali: a mayar da su fayil a zubar, ko a ci gaba da ajiya?

Ɗan Adar (Tawa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti. Ƙanen mahaifina ya yi shekaru yana sayar da kaset a babbar kasuwar Tawa, kuma tun da sana'ar ta mutu ya kwashe abin da ya rage ya zuba a kwalaye cikin wani ɗaki na bayan gida. Yanzu ana so a gyara ɗakin domin ɗansa zai yi aure, shi ne aka ce ni mai kwamfuta in san yadda zan yi da kayan. Kaset ɗin sun haura ɗari uku, ga kuma faya-fayan CD masu ɗan yawa. Wasu na kasuwa ne, irin na Shata da Ɗanƙwairo da ake sarowa daga Kano da Sakkwato, amma da yawa shi ya ɗauka da rakodarsa: kiɗan biki, kirarin ƴan kokowa, tafsirin azumi na wasu malaman garin nan da suka riga mu gidan gaskiya, har da saƙonnin murya da ƴan ci-rani suke aikowa daga Abijan, waɗanda iyalansu kan zo rumfarsa su saurara saboda ba su da rediyo a gida. Niyyata in mayar da su duka MP3, in zuba a memwar guda, wato katin ajiya irin na waya, kwalayen kuma a fitar da su. Shin hakan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata in sani kafin in fara?

Mai Turi (Wadata, Yamai):
Wa alaikumus salam yayana. Wannan aikina ne na kullum, domin tura waƙoƙi da wa'azi a wayoyin mutane nake yi a bakin kasuwa. Kaset mai lamba 90 minti 45 ne kowane gefe, kuma idan ka mayar da shi MP3 mai lamba 128 (lambar nan ma'aunin ingancin sauti ce, mai babbar lamba ya fi kyau kuma ya fi cin wuri), minti ɗaya bai cika mega ɗaya ba. Ke nan kaset ɗari uku ba za su wuce giga 26 ba, memwar mai giga 32 za ta haɗiye su har da saura. Na Shata da Ɗanƙwairo kuwa kada ka wahalar da kanka, suna nan a YouTube, ni ma ina da su jibge a kwamfutata. Ka yi aikinka ka ba ango ɗakinsa, domin yau ko ka ba yaro kaset kyauta ba shi da abin da zai saka shi ciki.

Injiniya (Yantala, Yamai):
Lissafin Mai Turi daidai ne, amma amsar wata tambaya ce daban. Abu biyu ake haɗawa a nan, wato abin da za a saurara yau da abin da za a ajiye domin gobe, kuma MP3 na farkon aka ƙera shi. Masana a cibiyar Fraunhofer ta garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne suka fi yin aikin da ya haifar da shi, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993, a lokacin da wurin ajiya a kwamfuta yake da tsada kuma intanet ba ta da gudu. Dabarar ita ce sun yi nazarin yadda kunnen ɗan Adam yake ji, suka ga idan ƙara mai ƙarfi ta zo tare da wata ƙarama a kusa da ita, kunne ba ya kama ƙaramar. Sai manhajar ta riƙa zubar da duk abin da take ganin ba za a ji ba. Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fito da shi a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, minti ɗaya kuma ya ci kimanin mega 10. MP3 mai lamba 128 yana rage wannan kusan sau goma sha ɗaya, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa har abada.

Saboda haka, Ɗan Adar, duk abin da baffanka ya ɗauka da hannunsa, wanda babu shi a ko'ina sai cikin wannan kwali, ka fara ɗaukarsa a matsayin WAV, wanda ba ya rage komai. Kaset mai lamba 90 zai ba ka kusan giga ɗaya. Idan wuri ya yi maka kaɗan ka mayar da shi FLAC, wanda ya fito a 2001: yana matse fayil ya ragu sosai, wani lokaci har kusan rabi, amma idan an buɗe shi komai yana dawowa yadda yake. Diski na waje mai tera ɗaya, wato giga dubu, zai ɗauki kaset kusan dubu a WAV. Daga wannan uwar ajiya sai ka cire MP3 ka tura wa duk wanda kake so. Abin da zai cinye ka ba wuri ba ne, lokaci ne, domin kaset ba a yi masa hanzari: mai minti 90 sai ya yi minti 90 yana juyawa, ɗari uku kuwa awa 450 ke nan.

Mai Turi (Wadata, Yamai):
Malam Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Kaset ɗin da aka ɗauka a filin biki da ƙaramar rakoda, ga iska ga hayaniyar yara ga shuuu ɗin da zaren kaset yake yi tun asali, wane kyawun sauti gare shi da MP3 zai lalata? Masu sayen kayana a lasifikar waya suke saurare, ko a ƙaramar rediyo mai cin memwar da ake ratayawa a wuya ko a kan babur. Na rantse ko kai aka kunna maka biyun a nan ba za ka bambance ba.

Injiniya (Yantala, Yamai):
A lasifikar waya ba zan bambance ba, kuma ko a babbar lasifika, idan MP3 ɗin mai lamba 256 ne ko 320, mutane kaɗan ne za su iya. Wannan na ba ka. Matsalar tana zuwa ne daga baya. Fayil ba ya zama wuri ɗaya a ƙasar nan: wani zai yanke shi ya sake ajiyewa, wani zai ɗora masa hoto ya sa a Facebook ko TikTok, wani ya sauko da shi daga can ya sake mayar da shi MP3, kuma kowane mataki sai an ƙara zubar da wani abu. Kamar takardar haihuwa ce da ake yi wa fotokofi daga fotokofi, a karo na biyar hatimin ya zama baƙin tabo. Wannan shuuu ɗin da ka ambata ma yana ƙara wa MP3 wahala, domin manhajar ba ta san shara ba ne, sai ta kashe rabonta a kansa, shi ya sa kake jin tsofaffin waƙoƙi a wayoyi kamar ana rera su cikin ruwa. Na biyu, hanyoyin tace murya daga hayaniya suna ta ƙaruwa, abin da ba a iya gyarawa shekaru goma da suka wuce yau ana gyara shi. Wanda zai zo bayanmu yana bukatar ɗanyen sautin, ba wanda aka riga aka rage ba.

Baba Alhaji Mai Kaset (Bukoki, Yamai):
Ɗana na Tawa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka zubar. Ni sana'ar baffanka na yi a Babbar Kasuwar Yamai tun kafin gobarar 1982, kuma ranar nan na ga mutanen da duk abin da suka tara ya tafi a dare ɗaya saboda wuri guda suka ajiye shi. Jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa.

Abu na farko, ba duk kaset ɗin da ke cikin kwalin nan ne darajarsu ɗaya ba. Kowane mai rumfa yana da abin da muke kira uwa, wato kaset mai kyau wanda daga gare shi ake kwafar na sayarwa a rediyo mai baki biyu. Uwa ba a sayar da ita, ba a ba da aronta, kuma yawanci a kan kaset mai tsada ake yin ta, irin TDK ko Maxell ko Sony. Ka tambayi baffanka ya ware maka su, domin na sayarwa da yawa da sauri ake kwafarsu, sautinsu ya riga ya ragu tun ranar da aka yi su. Idan uwa tana nan, ƴaƴanta goma ba su da amfani gare ka.

Abu na biyu, kada ka ɗauki kaset ɗin da ya shekara ashirin a zafin Adar ka jefa shi cikin rediyo ka danna. Zare yana mannewa da juna. Ka sa bik, wato biro, a ramin kaset ɗin ka juya a hankali, idan ka ji ya ƙi kada ka tilasta. Idan ya tafi, ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi, sannan ka kunna. Ka duba ƙasan kaset ɗin ta tsakiya, akwai ɗan guntun auduga a kan siririn ƙarfe wanda yake danna zare ya taɓa kan rakoda. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, kuma idan babu shi muryar za ta fito a dushe ko ta ƙi fitowa, sai mutum ya ce kaset ya mutu alhali lafiyarsa lau. Ana ciro na wani kaset marar amfani a manna. Idan gidan ya fashe, masu kusoshi biyar ana kwance su a mayar da zaren wani gida. Sannan ka ɓalle ƴan kunnuwan nan biyu na sama kafin komai, domin idan an ɓalle su ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge abin da ke ciki ba.

Maganar zubarwa kuwa ban yarda da ita ba. Ina da kaset na kokowar shekarun mulkin Kunce, da muryar Sagalo mawaƙin kokowa a ciki, har yau yana tashi. Memwar kuwa ban san adadin waɗanda suka mutu a hannun yaran gidan nan ba.

Ɗan Adar (Tawa):
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To ta wace hanya sautin zai shiga kwamfuta? Wani abokina ya ce in kunna rediyo in kara waya a bakin lasifika in ɗauka, wani kuma ya ce akwai ƴar na'ura mai kama da Walkman da ake sayarwa wadda take mayar da kaset MP3 kai tsaye.

Injiniya (Yantala, Yamai):
Kara waya a lasifika ita ce hanya mafi muni, domin za ka ɗauki kukan akuya da ƙarar fanka tare da tafsirin. Ƙananan na'urorin nan masu araha kuma injinsu ba ya riƙe gudu daidai. Kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya sa goge ya riƙa rawa a kunne ko muryar dattijo ta koma ta yaro. Ka nemi tsohuwar rakoda babba mai ramukan fitar da sauti a baya, ja da fari. A canja mata robar da ke juya injin, domin a zafinmu takan saki ko ta narke ta zama kamar kwalta. A goge kan rakodar da tayar robar da ke jan zare da auduga da alkol na kantin magani. Ka haɗa igiya daga ramukan nan zuwa ƙaramin akwatin sauti mai shiga ta USB, domin ramin makirfo na kwamfutar hannu ba a yi shi don wannan ba, yana fasa sauti. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka lura kada ma'aunin ƙara ya riƙa buga ƙarshe, kuma ka yi aiki da kwamfuta mai batir mai rai saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar kaset. Kada ka tace komai a uwar fayil, ka yi gyaranka a kan kwafi.

Malama Maman Fati (Tawa):
Duk abin da maza suka faɗa a kan na'ura na karanta, amma akwai asarar da ta fi ta sauti, kuma ba a ambace ta ba. Ku buɗe wayoyinku ku duba sunayen waƙoƙin da ke ciki. Za ku ga AUD da jerin lambobi, ko Track 01, ko a rubuta "tsohuwar waƙa" kawai. Ina da wata waƙar zabiya da aka turo mini a zauren mata, duk wadda na tambaya sai ta ce ta san muryar amma ba ta san mai ita ba, wata ta ce ƴar Ƙonni ce, wata ta ce ƴar Madawa. Kaset kuwa yana zuwa da takardarsa, kuma masu rumfa suna rubutu a kai da hannu, da boko ko da ajami: bikin wane, garin kaza, shekarar da aka yi fari ko shekarar da wane ya ɗauki takobin gasar kokowa. Ranar da aka zubar da kwalin, wannan rubutun ya tafi, fayil ɗin ya zama maraya.

Don haka, ƙanena, kafin ka kunna ko ɗaya ka ba kowane kaset lamba, ka ɗauki hoton gabansa da bayansa da takardarsa, hoton ya zauna tare da sautin a jaka ɗaya. Sunan fayil ya ƙunshi lambar da mai waƙar da garin da shekarar idan an sani. MP3 da FLAC duka suna da gurbin rubuta sunan mawaƙi a cikin fayil ɗin kansa, wanda yake bin sa ko an canja masa suna a waje, ka cike shi. Abin da ya fi duka, baffanka yana da rai. Ka zauna da shi da shayi, kana kunnawa yana faɗa maka wane ne wannan, kana ɗaukar bayaninsa shi ma. Gasar kokowa ta ƙasa ta farko a nan Tawa aka yi ta a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauki takobi, kuma waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna ta raguwa. Injin rakoda ana iya samun wani, shi kuwa ba a samun madadinsa.

Ɗalibi (Jami'ar Abdu Mumuni):
Ina goyon bayan Malama, sai dai injin ma ba shi da tabbas kamar yadda muke zato. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, sun yi shelar gargaɗi cewa na'urorin kunna zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, har suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da aikin kwashe sauti daga zare zai fara gagara. Ma'ana zaren zai iya rayuwa amma a rasa abin kunna shi. Tun 1963 Philips ta fito da kaset, kuma manyan kamfanonin da suka yi rakodoji masu inganci sun daɗe da barin ƙera irinsu.

Akwai kuma misali daga nan gida. Mamman Sani, mai kiɗan ogan da aka daɗe ana jin sautinsa a rediyo da talabijin na ƙasa, ya ɗauki kiɗansa a 1978 aka fitar a kaset ƴan kaɗan. Bayan fiye da shekaru talatin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kwafi ɗaya a wani ɗakin ajiya a Yamai, aka sake fitar da shi a faifai a 2013, duniya ta san shi. Da wani ya ce ai tsohon kaset ne ya share ɗaki, da shi ke nan. Ina ba Ɗan Adar shawara, idan ya gama ya tuntuɓi CELHTO, cibiyar tarihin baka ta Tarayyar Afirka da ke nan Yamai tun 1968, ko IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'armu, ko cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya, ya ji ko za su karɓi kwafi ko ma kaset ɗin kansu.

Mai Gurmi (Tawa):
Ni mawaƙi ne, kuma ina karanta ku ina jin ciwo, domin ana ta maganar yadda za a ajiye murya, ba a maganar mai muryar. A zamanin kaset ma ana satar aikinmu, ban ce ba a yi ba, amma aƙalla mai rumfa yakan zo ya biya ka kafin ya ɗauke ka, kuma kwafa tana bukatar kaset sabo da lokaci, kwafi na uku kuma ya lalace dole a dawo wurin mai uwa. Yanzu waƙa ta fita da safe, kafin la'asar tana Agadas tana Damagaram, kwafi na dubu bai bambanta da na farko ba, mai tura ta ya karɓi dala ashirin ɗinsa a kan kowace waya, ni kuwa sai albarka. Garin nan ne ake gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu, ana tafa mana a fili, amma abin da yake ciyar da mawaƙi yau biki ne da liƙi, ba aikin da ya ɗauka ba. Muna da hukumar haƙƙin mallaka, BNDA, amma ta yaya za ta bi fayil daga waya zuwa waya ta manhajar Xender? Ɗan Adar, makaɗan bikin da ke cikin kwalin nan suna da ƴaƴa da jikoki a garin nan. Kafin ka zuba su a intanet ka nemi gidajensu, kwafin farko nasu ne.

Mai Turi (Wadata, Yamai):
Malam Mai Gurmi, ka yi haƙuri, amma ba mu ne muka kashe kasuwa ba, zamani ne. Kuma ka faɗi alherinmu ma. Mdou Moctar ɗan jiharku ne ta Tawa. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, ba kamfanin da ya rarraba su, ta bulutut da memwar suka bi wayoyin mutane har Mali. A can wannan Ba'amurken da Ɗalibi ya ambata ya tsinci ɗaya, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011, yau ga shi yana kiɗa a Amurka da Turai. Da kaset ne da ba ta yi wannan tafiyar ba. Masu biki da suke kiranka daga wani gari, a ina suka ji ka idan ba a wayar da irina suka cika ba? Abin da nake karɓa kuɗin wutata ne da kwamfutata da zaman rana.

Mai Gurmi (Tawa):
Na ji, ƙanena, kuma ban musa cewa waya ta kai sunana inda ƙafata ba ta je ba. Amma shi Mdou ɗin da ka ambata sai da aka sha wahalar nemansa kafin a same shi, kuma an same shi ne domin wani ya ga ya dace a nemi mai waƙa a biya shi. Mutum nawa ne aka ji waƙarsu ba a taɓa neman su ba? Ko sunana ka rubuta daidai a kan fayil ɗin, da lambar da za a same ni, ka rage mini asara.

Mai kula da zaure:
Jama'a, maganar haƙƙin mawaƙa babba ce, za mu ware mata rana. Yanzu a koma kan tambayar Ɗan Adar, domin har yanzu ba a ce komai a kan faya-fayan CD da kuma inda za a ajiye fayilolin ba.

Injiniya (Yantala, Yamai):
CD ya fi sauƙi, domin abin da ke cikinsa lambobi ne tun asali. Ba a kunna shi a ɗauka, ana kwafe shi ne kai tsaye zuwa FLAC cikin ƴan mintuna, da manhaja irin Exact Audio Copy wadda take sake karanta wurin da ya karce. Amma ka fara da waɗanda aka ƙona a kwamfuta, masu bayan kore ko shuɗi, domin rini ne a cikinsu kuma zafi da hasken rana suna cinye shi. Na kamfani masu bayan azurfa sun fi jurewa. Idan ka tarar faifan MP3 ne a ciki, ka kwafe su yadda suke, mayar da su WAV ba zai dawo da komai ba.

Memwar kuwa ta yawo ce, ba ta ajiya ba. Caji ne ɗan kaɗan take riƙewa a cikin ƙwayoyinta, yana zurarewa a hankali idan ta daɗe a ajiye, zafi kuma yana gaggauta hakan. Ga jabu sun cika kasuwa: a rubuta giga 64 alhali 8 ce, tana nuna maka komai ya shiga, sai ranar da ka buɗe ka tarar fayilolin ba sa tashi. Akwai ƴar manhaja kyauta, H2testw, da take cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ga kuma cutar kwamfutar nan da take ɓoye fayiloli ta bar alamunsu kawai, wadda kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, yake kwasowa a wuraren buga takardu. Kaset idan ya lalace wani yanki yake rasawa, ka yanke ka manna ka ci gaba, memwar kuwa gaba ɗaya take tafiya ba sallama. Ƙa'idar masu ajiya ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. A wurinka wannan yana nufin kwamfutarka, da diski na waje a gida, da wani diskin a hannun ɗan uwa a Yamai ko a ma'ajiyar intanet idan kuɗin mega ya samu. Kowace shekara a jona diskin a duba, bayan ƴan shekaru a kwashe zuwa sabo. Idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka aika a matsayin takarda (document) domin ya isa da sunansa ba a taɓa shi ba.

Ɗan Adar (Tawa):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar mun buɗe kwali na farko da baffa. Kamar yadda Baba Alhaji ya faɗa, yana ganinsu ya fara ware uwaye, ashe ya ɗiga musu jan fenti a kusurwa tun wancan lokaci. Gara ta ci takardun waɗanda ke ƙasa, amma zaren bai taɓu ba. Mun yanke shawarar a fara da tafsiri da kokowa da kiɗan biki, na kasuwa su jira, kuma uwayen za su koma cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mahaifiyata inda rana ba ta bugawa. Abin da ya tsaya mini shi ne saƙonnin ƴan ci-rani. Mun saurari ɗaya a rediyon maƙwabci, wani mutum ne yana gaida matarsa da sunan kowane yaro, sannan ya shiga maganar bashin da ake binsa da rigimar gona tsakaninsa da yayansa. Baffa ya kashe tun bai ƙare ba, ya ce mutumin ya rasu amma yayan yana nan.

Malama Maman Fati (Tawa):
Baffanka ya yi daidai. Waɗannan amana ce, ba kayan tarihi ba ne da za a raba a zaure. Ka kwashe su domin kada su lalace, amma ka sa su a jaka daban wadda ba za ta shiga memwar kowa ba, kada kuma su bi sauran zuwa wata cibiya sai da yardar masu su. A nemi iyalan a mayar musu da kaset ɗin tare da kwafi, su suka san abin da za su yi da shi.

Ɗalibi (Jami'ar Abdu Mumuni):
Malama, ban ƙi ba, amma tarihin ci-ranin Adarawa kusan duka a irin waɗannan kaset ɗin yake, domin mutanen ba su rubuta wasiƙa ba, magana suka yi. Idan kowane gida ya karɓi nasa ya jefa a ƙasan gado, nan da shekaru kaɗan babu ko ɗaya. Ana iya roƙon iyalan su yarda a ajiye kwafi a rufe, kada a buɗe sai bayan wani lokaci da su za su yanka.

Baba Alhaji Mai Kaset (Bukoki, Yamai):
A roƙe su, amma a san wa za a fara ba. Matar aka aiko wa, idan tana da rai ita kaɗai za ta fara ji, ba ƴaƴa ba, ba dangin miji ba, kuma baffanka ne zai kai mata da kansa tun da a rumfarsa aka bar shi. Maganar rakoda kuma, ɗana, ina da babba guda a nan wadda kanta bai ci ba, robarta ce kawai ta saki. Akwai mai gyara a kasuwar Katako da yake da irin robar, zan sa jikana ya kai masa ranar Asabar. Idan ta tashi zan ba direban motar Tawa, ka turo mini lambar wanda zai karɓa a tasha ta akwatin sirri.